Shafaƙin Ƙuryar Duniya: Inda A Ke Ganinsa Da Abin Da Ke Haddasa Shi

 Duk Musulmin da ke kula da lokutan sallarsa ya san shafaƙi, watau jan nan da ke saura a sararin yamma bayan rana ta faɗi, wanda gushewarsa ke shigo da lokacin Lisha. Ya kuma san alfijir iri biyu ne: akwai na ƙarya mai miƙewa tsaye, wanda ba ya hana mai azumi cin sahur, akwai kuma na gaskiya mai bazuwa a gicciye. Waɗannan duka muna ganinsu da idanunmu kullum. To, amma akwai wani haske dabam da Allah Ya ajiye can ƙuryar duniya ta arewa da ta kudu, wanda ba a ganinsa a ƙasashenmu. Larabawan wannan zamani suna ce masa shafaƙin ƙuɗubi, watau shafaƙin ƙuryar duniya. Turawa kuwa suna ce masa orora, daga wata kalmar Latin mai ma'anar alfijir. Sunayen biyu duka aro ne, domin hasken nan ba ya shigar da lokacin wata salla, ba ya kuma fitar da shi.

Abin da ya sa muka ɗauko maganarsa shi ne, a daren 10 ga watan Mayu na shekarar 2024 hasken nan ya ƙetare iyakarsa, sama ta yi jawur a ƙasashen da ba su saba ganin haka ba. Aka gan shi a Ingila da Faransa da Italiya, aka gan shi a kudancin Amurka har Meksiko, aka gan shi a Afirka ta Kudu. Hotunansa suka cika wayoyin jama'a, har da namu. Rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya ga hoton sama ta yi ja kamar jini alhali bai san asalin abin ba, kowane mai kawo jita-jita na iya juya shi yadda ya ga dama. Bayan haka kuma, abin da ke kunna hasken nan yana iya kashe wa gari guda wutar lantarki, ya toshe rediyo, ya rikita na'urorin da 'yan kasuwa da ma'aikata suka dogara a kansu.

Da farko wani ɗan haske ne mai launin kore ya kan bayyana a ƙasa-ƙasan sararin arewa, a lanƙwashe kamar bakan gizo, ya daɗe bai motsa ba. Can sai ya soma naɗewa yana warwarewa kamar labulen da iska ke kaɗawa, gindinsa da ratsin shunayya, samansa ja. Idan abin ya yi ƙarfi sai ya taso har tsakar ka, ya tarwatse ya rufe sama duka, yana gudu daga gabas zuwa yamma cikin ƙiftawar ido. Bayan minti goma ko ashirin ya kan lafa, wani lokaci kuma ya sake tasowa kafin gari ya waye.

Abin da jakadan Halifa ya gani

Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan da masana da yawa suka ɗauka na wannan haske ne, wani malami Musulmi ne ya rubuta shi. Sarkin mutanen Bulgar, waɗanda ke zaune a bakin kogin Bolga, a yankin da yanzu a ke kira Tatarstan cikin ƙasar Rasha, ya aika wa Halifa Muƙtadir na Bagadaza yana roƙon a turo masa wanda zai koyar da jama'arsa addini, a kuma taimake shi ginin masallaci da ganuwa. Ayarin Halifa ya tashi daga Bagadaza a shekarar 921, ya isa wurin sarki cikin watan Mayu na 922, watau Muharram na shekara ta 310 bayan Hijira. A cikin ayarin akwai Ahmadu ɗan Fadlan, wanda ya rubuta labarin tafiyar.

Ya ba da labarin cewa a darensu na farko a ƙasar, sai suka ga gefen sama ya yi ja ƙwarai, suka kuma hangi wani abu kamar jan gajimare mai kama da wuta. A cikinsa ya ga kamannin mutane a kan dawaki riƙe da makamai, ga kuma wata runduna irinta, suna kai wa juna hari suna rabuwa, har wani yanki na dare ya wuce. Shi da abokan tafiyarsa tsoro ya kama su, suka duƙufa ga addu'a, mutanen ƙasar kuwa suna ta yi musu dariya. Da ya tambayi sarki, sai sarki ya gaya masa abin da kakanninsu ke cewa, wai aljannu muminai ne ke yaƙi da aljannu kafirai, kuma haka su ke yi kowane dare.

Akwai abin koyi a yadda malamin nan ya ajiye labarinsa. Ya faɗi abin da idonsa ya gani, ya faɗi abin da aka gaya masa, ya ambaci wanda ya gaya masa, bai gauraya su ba. Saboda haka ne bayan shekara dubu da ɗari masana ke iya karanta bayaninsa su auna shi da abin da su ke gani yau. A tafiyar nan kuma ya tarar da gajartar daren bazara a ƙasashen arewa, har ladanin sarki ya shaida masa ya yi wata guda bai yi barcin dare ba don tsoron kada sallar Asuba ta kuɓuce masa. Yau ma akwai Musulmi da masallatansu a ƙarƙashin wannan haske, a garin Tromso na ƙasar Nowe, da Norilsk na Rasha, da Inuvik na arewacin Kanada, inda aka buɗe masallaci a shekarar 2010.

Wurin ganinsa

Mutum zai zaci wanda ya tsaya daidai kan ƙuryar duniya shi zai fi kowa ganinsa. Ba haka ba ne. Hasken yana zama ne a kewaye kamar zobe, ko kamar rawanin da aka naɗa wa duniya, tsakanin digiri 65 da 70 daga tsakiyar duniya, in an auna da ƙuryar maganaɗisunta. Garuruwan da ke ƙarƙashin zoben su ne suka fi samun rabo. A Turai akwai Tromso a Nowe, da Kiruna a Suwidin, da Rovaniemi a Finlan, da Murmansk a Rasha, da tsibirin Aislan baki ɗaya. A ƙetaren teku akwai kudancin Girinlan, da Yellowknife a Kanada, da Fairbanks a Alaska. A irin waɗannan wurare, in dai dare ya yi duhu kuma babu gajimare, ganinsa ba abin mamaki ba ne.

Ƙuryar kudu ma tana da nata zoben, kuma su biyun su kan kunnu tare a lokaci guda. Sai dai na kudun ya faɗa ne a kan ƙanƙarar Antaktika da tekun da ke kewaye da ita, inda babu garuruwa. Masu ganinsa su ne ma'aikatan tashoshin bincike da matuƙan jiragen ruwa, sai kuma mutanen tsibirin Tasmaniya da kudancin Niyu Zilan, waɗanda ke hango shi a gefen sama. Ayarin Kyaftin Kuk, Baturen Ingila, ya gan shi a tekun kudu cikin watan Fabrairu na 1773.

Zoben nan ba ya tsayawa a girma ɗaya. Sa'ad da rana ta fusata sai ya buɗe ya gangaro wajen tsakiyar duniya, shi ya sa a ke ganinsa jefi-jefi a ƙasashen da ke nesa. Mu kuwa, Kano tana digiri 12 ne kawai daga tsakiyar duniya, Sakkwato 13, Agadas 17. Bugu da ƙari, layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ta cikin Nijeriya ya ratsa. Watau muna cikin mutanen da suka fi kowa nisa da zobban biyu. Don haka wanda ya ga sama ta yi ja a ƙasar Hausa, ya nemi dalilinta wajen ƙurar hunturu ko gobarar daji ko shafaƙin da ya sani.

Lokacin ganinsa

Hasken yana nan dare da rana, rani da damina, amma ido ba ya kama shi sai cikin duhu. A Tromso rana ba ta faɗuwa sam daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen ƙarshen Yuli, saboda haka wanda ya je a lokacin nan ya yi asarar kuɗin jirgi. Lokacin ganinsa a arewa shi ne daga Satumba zuwa ƙarshen Maris, a kudu kuwa daga Maris zuwa Satumba. An lura kuma ya fi yawaita a watannin Maris da Satumba, sa'ad da dare da rana ke daidaita. A cikin dare, tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2 ya fi ƙarfi. Mai nemansa yana bukatar ya fita bayan gari nesa da fitilu, ya samu daren da babu hadari, in so samu ne kuma ba a tsakiyar farin wata ba.

Akwai kuma wani zagaye mai tsawo. A fuskar rana akwai waɗansu baƙaƙen tabo da ke yawaita su ragu a cikin kimanin shekara 11. Wani Bajamushe, Heinrich Schwabe, shi ya bayyana wannan a 1843 bayan ya shafe shekaru yana ƙirga su. Shekarun da tabon ya yawaita su ne shekarun da hasken ke tsananta. Zagayen da ya soma a Disamba na 2019, hukumomin binciken sama na Amurka sun ba da sanarwa a Oktoba na 2024 cewa ya kai ƙololuwarsa. Abin da aka gani a Mayun 2024 ke nan bai zo a bazata ba ga waɗanda ke riƙe da lissafin.

Ga mai niyyar zuwa kallo, ya kamata ya san na'urar ɗaukar hoto ta fi idon mutum kama launi cikin duhu. Sau da yawa abin da ya fito kore shar a hoto, ido fari-fari ya gan shi kamar hayaƙi.

Abin da ke haddasa shi

Asalin maganar daga rana ya ke. Tsakaninmu da ita kilomita miliyan 150 ne, haskenta kuwa minti takwas da 'yan daƙiƙu ya ke yi ya iso mu. Amma ba haske da zafi kaɗai ta ke aikowa ba. Rufin iskar da ke kewaye da rana yana da zafin da ya haura digiri miliyan ɗaya, saboda haka kullum tana fesar da waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai masu ɗauke da lantarki, suna gudun kimanin kilomita 400 a daƙiƙa guda. Masana suna kiran wannan iskar rana. Wani lokaci kuma, a kusa da tabon nan da muka ambata, sai rana ta yi aman wani ƙaton curi na ƙwayoyin gaba ɗaya. In ya fuskanto mu, cikin kwana ɗaya zuwa uku ya iso.

Duniya kuwa ita kanta babban maganaɗisu ce, saboda narkakken ƙarfen da ke motsi a cikin cikinta. Wannan ƙarfi ne ke juya allurar kamfas da matafiyi ke neman alƙibla da ita. Ƙarfin bai tsaya a doron ƙasa ba, ya miƙe dubban kilomitoci cikin sarari ya zama garkuwa. Idan iskar rana ta iso sai ta rabu ta bi gefe da gefe, kamar yadda ruwan kogi ke rabuwa in ya tarar da dutse. Tana danne garkuwar ta ɓangaren da ke fuskantar rana, tana ja ta ta ɓangaren dare har ta yi dogon wutsiya. A cikin wutsiyar nan ƙarfi ke taruwa, kamar tsirkiyar bakan da a ke ja. Sa'ad da ya saki, sai ya harbo ƙwayoyin lantarki su biyo hanyoyin maganaɗisu, waɗanda duk suka tattaru suka nutse a kewayen ƙuryar arewa da ta kudu. Dalilin zobban nan biyu ke nan, kuma dalilin da ya sa tsakar dare ta fi.

Da ƙwayoyin sun gangaro sai su yi karo da iskar da ke can sama, daga kilomita 100 zuwa 300 ko fiye. Kowace ƙwayar iska da aka buga sai ta ɗauki ƙarfi, sa'an nan ta mayar da shi a matsayin haske. Duk ma'aikacin da ya zauna ƙarƙashin dogon ƙwan lantarkin nan na ofis ya ga misalinsa, domin shi ma lantarki ne ke ratsa iskar da aka rufe cikin gilashi. Launin ya danganta ga irin iskar da nisanta. Oksijin ita ke ba da kore a wajen kilomita 100 zuwa 150, ita ce kuma ke ba da ja daga kilomita 200 zuwa sama. Naitirojin ke ba da shuɗi da shunayya a gindin labulen. Mutanen ƙasashe masu nisa da zoben saman labulen kaɗai su ke hangowa, shi ya sa ja su ke gani. Jirgin sama ba ya wuce kilomita 12 ko makamancin haka, gajimare ma a nan ƙasa ya ke. Abin da ɗan Fadlan ya ga kamar yana kusa da shi, nisansa ya kai na tafiyar mota ta sa'a biyu ko uku in da a miƙe za a bi.

Ba a dare ɗaya aka gane wannan ba. A 1741, a garin Uppsala na Suwidin, Anders Celsius da abokin aikinsa Olof Hiorter suka lura allurar kamfas tana rawa duk sa'ad da hasken ya bayyana. Wajen shekarar 1900 wani masani ɗan Nowe, Kristian Birkeland, ya kwana a kan duwatsun arewacin ƙasarsu cikin tsananin sanyi yana awo, sa'an nan ya ƙera wata 'yar ƙwallo mai maganaɗisu, ya harba mata lantarki cikin akwatin gilashin da aka zuƙe iskarsa, sai ga zobban haske biyu a ƙuryoyinta. Da yawa daga masanan zamaninsa ba su yarda da shi ba. Ya rasu a 1917, sai bayan shekara hamsin taurarin ɗan Adam suka tabbatar da maganarsa. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna a Masar ya kuma je Sudan yana nazarin wani hasken dabam, wanda shi ne malamanmu ke kira alfijirin ƙarya.

Ɓarnar da ke tafe da shi

Hasken kansa ba ya cutar da mai kallonsa. Guguwar da ke kawo shi ita ce abin kula. Ran 1 ga Satumba na 1859 wani Baturen Ingila, Richard Carrington, yana zana tabon rana sai ya ga wani farin walƙiya ya tashi a cikinsu. Kafin sa'a 18 guguwar ta iso. Aka ga hasken har Kyuba da Hawayi, wayoyin tangarahu suka riƙa tartsatsi suna jan ma'aikata, har waɗansu a Amurka suka cire baturansu suka ci gaba da aika saƙo da lantarkin da guguwar ta zuba cikin waya. A lokacin nan tangarahu kaɗai duniya ke da shi. Ran 13 ga Maris na 1989 wata guguwar ta kashe wutar lardin Kubek na Kanada, mutum wajen miliyan shida suka zauna cikin duhu sa'a tara. A Fabrairu na 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar kusan 40 daga cikin taurarin ɗan Adam 49 da ya harba, saboda wata guguwa da ba ta ma kai waɗancan ƙarfi ba. A Mayu na 2024 kuwa, manoma a Amurka sun tsai da shuka domin na'urar nuna hanya ta motocin nomansu ta rikice.

Ta nan ne abin ya shafe mu, mu da ba mu ganin hasken. Muryar rediyo mai gajeren zango sai ta bugi wani rufi na iska mai lantarki can sama kafin ta dawo ƙasa, kuma idan rana ta yi walƙiyarta tashoshi kan ɗauke ɗif da tsakar rana na ɗan lokaci. Saƙon taurarin ɗan Adam, wanda jiragen sama da bankuna da wayoyin hannu ke amfani da shi, ta cikin rufin nan ya ke ratsowa. Saboda haka ne ƙasashe suka kafa ofisoshin lura da rana, suka ajiye na'urori a nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya, waɗanda ke ba da gargaɗin ƙasa da sa'a guda kafin guguwa ta sauka. Sun kuma tsara ma'auni daga 0 zuwa 9 na ƙarfinta. Ta Mayun 2024 ta kai 9.

Tsoron jan sama ba na wata al'umma ɗaya ba ne. Ran 25 ga Janairu na 1938 sama ta yi ja a kan Turai, aka fito da motocin kashe gobara a garuruwa da dama ana neman inda wuta ta tashi, daga baya kuma waɗansu suka ce ishara ce ta yaƙin da ya ɓarke a shekarar da ta biyo. Mu kam an riga an ba mu ma'aunin irin wannan. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina a shekara ta 10 bayan Hijira, rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin ga rasuwar. Annabi da kansa, yana cikin baƙin cikin ɗansa, ya kore wannan zato, ya mai da su ga salla da addu'a. Ɗan Fadlan da abokansa da suka duƙufa ga addu'a ba su yi abin dariya ba. Abin gudu shi ne a ɗauki aya daga ayoyin Ubangiji a rataya mata mutuwar wani sarki ko ranar tashin duniya, ko a yi mata fassarar da babu malamin da ya tabbatar, a kuma tura wa jama'a ta waya.

Sanin sababin abu ba ya rage masa girma. Wanda ya gane cewa labulen nan kore shi ne inda wutar rana ta ci karo da garkuwar da ke kāre duniya, ya fi wanda ya zaci dawakin aljannu ne dalilin yin tasbihi. Muna roƙon iyaye da shugabannin makarantu su ƙarfafa wa yaranmu gwiwa kan ilmin taurari da lissafi, wanda magabatanmu suka riƙe don sanin alƙibla da lokutan salla da tsayuwar wata. Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya tsare mu daga faɗin abin da ba mu sani ba, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.